Kifin da Ya Mutu a Hannun Mena

Filomena Rezendes ƙanwar matata ce. Mena muke ce mata. Ni sunana Anibal, amma ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Direba take ce mini, saboda shekara talatin na yi ina tuƙa motar 'yan makaranta a New Bedford ta Amurka, ita kuwa har ta bar duniya ba ta koyi mota ba. Gida ɗaya muka zauna, irin na katakon nan mai hawa uku. Ni da yayarta Lurdes muna ƙasa, ita tana can sama, hawan tsakiya kuwa na 'yan haya ne, wannan ya zo wancan ya tafi.

Tana da shekara tara iyayensu suka zo da su daga tsibirin São Miguel na ƙasar Fotugal. Tana da sha shida ta bar makaranta ta shiga gidan yankan kifi na bakin tashar jiragen ruwa. A can ta yi shekara arba'in da ɗaya a tsaye kan jiƙaƙƙen siminti, wuƙa a hannun dama, hannun hagu cikin ƙanƙara. 'Yar guntuwa ce, ba ta kai mini kafaɗa ba, amma in ta ɗaga murya daga hawa na uku, har mai shagon burodi na kan kwana sai ya san an yi mata laifi.

Ba da son kamun kifi ta tashi ba. Mijinta Gilberto ne mai wannan sha'awar. Duk Asabar zai saɓi sandar fatsa ya tafi bakin teku neman kifi mai ratsi, ya bar ta da wanki da ɗansu Derek. A shekarar 1983 Gilberto ya haɗa kayansa ya bi wata mata zuwa Florida, ko sallama bai yi wa yaron ba. Abin da ya bari a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida shi ne sandunan fatsa uku da akwatin ƙugiyoyi.

Wata Asabar da sassafe na ji ana bugun ƙofarmu da ƙafa. Na buɗe, sai ga Mena rungume da sandunan.

"Direba, sa takalminka ka kai ni bakin ruwa."

"Me za ki yi a bakin ruwa tun kan a sha kofi?"

"Zan zuba masa kayansa a teku, su bi shi Florida."

Lurdes ta leƙo daga kicin ta ce, "Kai ta, Anibal. In ba ka kai ta ba da ƙafa za ta je, kuma duk wanda ta gamu da shi a hanya ya shiga uku."

Na kai ta doguwar katangar duwatsun nan da ta shiga cikin teku, inda masu fatsa suke jeruwa. A nan muka tarar da Ronnie Gaudette, mai gyaran famfo, lokacin yana saurayi, yana da ƙiba da surutu. Ya ga tana shirin cilla sanda sai ya ce, "Baiwar Allah, in zubarwa za ki yi, ga ni nan, ni ma teku ne."

"Ba na bayarwa."

"To ki yi a hankali. Wadda ba ta iya jefa ƙugiya ba, ban ga yadda za ta iya jefa sandar gaba ɗaya ba."

Aka yi dariya. Mena ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ajiye sanduna biyu, ta ɗaga ta ukun ta wurga ƙugiya da iyakar ƙarfinta. Zaren ya cukurkuɗe, ƙugiyar ta kama wandona. Aka sake fashewa da dariya. Da muka iso gida sai ta ce, "Asabar mai zuwa ƙarfe biyar."

Duk lokacin zafin shekarar nan ba ta kama komai ba sai ciyawar ruwa. A Oktoba ta kama na farko. Daga nan kuma shi ke nan, na zama direbanta na gaske. Ni ba na fatsa. Nakan zauna kan dutse da kofi da malasada, fanken mutanenmu mai sukari, a takarda, in riƙe mata jaka.

Shekarun farko duk abin da doka ta yarda a ɗauka, Mena ɗauka take yi. Lokacin kuwa mai ratsi ya yi ƙaranci ƙwarai, sai mutum ya yi wata bai ga ɗaya ba. Tsofaffi suna ba da labarin zamanin da ake cika bayan mota da shi, yanzu ga ruwa fayau ba komai. Wani farkon watan Mayu ta kamo wata babba, irin manyan matan nan da muke ce wa shanu. Muka kawo ta gida ana ta murna, maƙwabta suna leƙe. Mena ta shimfiɗa ta kan teburin kicin ɗin Lurdes, ta zare wuƙarta ta aiki, yanka ɗaya ta buɗe cikin. Sai ga ƙwai, jaka biyu, kowace ta kai kaurin damtsena.

Ta tsaya da wuƙa a hannu, ta daɗe tana kallo. Lurdes ta soya ƙwan da tafarnuwa, muka ci, Mena ba ta taɓa ba.

Na ce, "Ke da kike yanka kifi dubu a rana, yau kuma wannan ne ya hana ki cin abinci?"

Ta ce, "Waɗancan matattu ake kawo mini su. Wannan da ranta na same ta. Muna ta kukan babu kifi, babu kifi, ga su nan a faranti kana ci da burodi."

Tun daga ranar ba ta sake kawo mai ratsi gida ba. Ta bi duk ƙugiyoyinta da filaya ta danne ƙayar da ke bakinsu don su riƙa fita da sauƙi. Ta sayi zare mai ƙarfi don ta riƙa jawo kifi da wuri kafin ya galabaita. In ta kawo shi kusa, sai ta sauka cikin ruwa da wandon robarta mai kaiwa ƙirji, ta jiƙa hannu, ta kama leɓensa na ƙasa, ɗaya hannun ta tallafi cikinsa. Ƙugiya ta fita, ta juya kansa ya fuskanci inda ruwa yake tahowa, ta riƙe shi har sai ya buga wutsiya ya ƙwace da kansa. Sau da yawa kifin ko iska ba ya shaƙa. Waɗannan hannuwan da suke fede kifi cikin ƙiftawar ido a wurin aiki, a nan sai ka ce jariri take wa wanka.

Da a kanta kaɗai ta tsaya da an zauna lafiya. Amma Mena ba ta iya gani ta yi shiru ba. Ronnie ne ya laƙaba mata Saja, sunan ya bi ta har coci. In ta hango wani ya jawo kifi yana jan sa kan duwatsu, ko ya zura yatsu cikin kunnuwan da kifin yake numfashi da su ya rataye shi yana jiran a ɗauke shi hoto, tun daga nesa za ka ji ta.

"Kai, mai jar hula! Ee, kai! In na zura yatsu huɗu a maƙogwaronka na ɗaga ka sama, sai ka faɗa mini yadda ka ji!"

"Hajiyar Allah, ai sakin sa zan yi," in ji wani wata rana, baƙo ne daga Boston da sababbin kaya masu tsada. Ba haka ya faɗa daidai ba, amma ladabin da ya ƙaƙalo ke nan.

"Sakin gawa? Ka goge masa yauƙin jikinsa da tawul, ka yar da shi kan dutse mai zafi, ka taka shi da takalmi, sannan ka ce ka sake shi? Gobe kaguwa ce za ta yi maka godiya. Matsa, ba ni wuri."

Ta karɓe kifin, ta sauka da shi ruwa, mutumin yana tsaye kamar ɗan makarantar da aka kama da satar amsa. Bayan ta gama kuma ita ce ta zauna da shi ta nuna masa yadda ake yi, ta ba shi filayarta ta biyu kyauta. Haka take. Zagi a gaba, kyauta a baya.

Abin da kowa ya haddace daga bakinta shi ne, in ka fitar da kifi daga ruwa, kai ma ka ɗauke numfashi; lokacin da ka ji ba za ka iya ba, shi ma ya kai maƙura, mayar da shi. Ka ga ƙarti masu gemu sun kumbura kumatu, fuska ta yi ja, suna kokawa da ƙugiya, Saja na tsaye a kansu. Akwai kuma dokar da ta kafa wa kanta: in zafi ya yi tsanani, ruwa ya yi ɗumi, daga tsakiyar Yuli har ƙarshen Agusta, ba ta jefa ƙugiya ko kaɗan. Ta ce kifin da ya yi kokawa cikin ruwan ɗumi ko ka sake shi lafiya, can ƙasa zai je ya mutu. Dokar numfashin nan ce ta sa cikin shekara arba'in babu hotonta ko ɗaya riƙe da kifi. In aka ce ta tsaya a ɗauka, sai ta ce kifin bai zo ɗaukar hoto ba.

Derek ya girma, ya yi karatu, ya sami aiki a Tucson ta jihar Arizona, ya yi aure a can. Lurdes ta rasu shekara tara kafin abin da zan faɗa. Gidan ya rage daga ni sai Mena, ni a ƙasa ita a sama. Da yake duk mun bar aiki, fitar Asabar ta koma ta kusan kullum. Matan coci suka fara 'yan maganganu. Da labari ya kai kunnenta sai ta ce, a gabana, "Wannan? Ko da kuɗi aka haɗa mini shi ba na so. Yayata ce mai haƙuri." Amma miyar ganye da take dafawa ran Lahadi, kullum tukunyar mutum biyu ce, kuma ita ke sauko mini da ita.

Hannuwan ne suka fara cin amanarta. Ƙanƙarar shekara arba'in da ɗaya ta dawo neman hakkinta. Gaɓoɓin yatsunta suka kumbura, suka karkace kamar saiwar citta. Da farko maɓallin riga ne ya gagare ta, sai murfin kwalba, sai ɗaurin ƙugiya. Ni na koyi ɗaurin, ina yi tana tsaye tana cewa ko akuya ta fi ni iyawa. A watan Yulin da ta cika saba'in da biyu, ta zo saukowa daga bene, hannu ya kasa riƙe ƙarfen, ta gangaro matakala shida. Ba ta karye ba, amma Derek ya hawo jirgi ya zo. Yaron kirki ne, ban ga laifinsa ba. Ya zauna da ita a kicin, ya kira ta Mãe, wato mama, ya ce, "Mãe, ba zan iya barci a can ba ina tunanin benen nan. Akwai ɗaki a gidana, babu matakala, babu sanyi. Likita zai duba hannun a can."

Na zaci za ta tashi unguwa da ihu. Sai ta dubi hannuwanta da ke kan tebur, ta ce, "Yaushe?"

"Ƙarshen Satumba."

Ni da ita mun san abin da wannan yake nufi. Oktoba ne watan da manyan kifayen suke bi ta gaɓarmu za su kudu, watan da take jira duk shekara. Ba za ta gan shi ba.

Kafin Derek ya koma ya ja ni gefe; Tio yake ce mini, wato kawu. "Tio, don Allah ka yi mini abu ɗaya. Ka samo mini hotonta da kifi, ko guda. 'Ya'yana ba su yarda kakarsu tana kama kifin da ya kai tsawonsu ba." Na ce masa zan gwada.

Ni ne na matsa mata. Wannan ba zan ɓoye ba. Tsakiyar Agusta ne, an yi kwana goma ana zafi kamar gidan burodi. Na hau sama na tarar da ita zaune cikin kwalaye tana naɗe kofuna da jarida.

"Gobe mu je bakin ruwa."

"Ka haukace? Ruwan nan ya yi ɗumi kamar miya."

"Da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Ba abin da za ki kama ma, manyan duk sun yi zurfi. Ki dai jefa ki ji daɗi. Sau nawa ya rage miki, Mena?"

Ta ci gaba da naɗe kofi. Can ta ce, "Ƙarfe biyar. Kuma kar ka sayo malasadar shagon nan mai mai da yawa."

Gari ya waye tas lokacin da muka isa, babu iska, teku kwance kamar an goge ta. Ba kowa a kan duwatsun. Ta tsaya a gindin katangar, inda akwai ɗan yashi, saboda ƙafarta ba ta yarda da hawa ba tun faɗuwar. Na ɗaura mata wani farin kifin katako mai ƙugiya da take son yaudarar kifi da shi. Ta jefa sau ɗaya, sau biyu, tana cije leɓe don zafin yatsu. A jifa na bakwai ko na takwas ruwa ya fashe kamar an jefa buhun siminti, sandar ta lanƙwashe, zare ya fara gudu yana kuka.

"Wayyo Allah," in ji Mena a hankali. Ba murna ba ce a muryarta.

Da can irin wannan kifin minti shida ko bakwai yake ɗaukar ta. Ranar nan hannun ya ƙi. Ta murɗa abin naɗe zaren sau uku, yatsu su zame, kifin ya ƙwace abin da ta samu. Minti goma. Minti goma sha biyar. Zufa tana zuba daga haɓarta.

"Ba ni sandar in taya ki."

"Taɓa ka gani."

"To mu yanke zaren."

"Ya tafi da katako a baki? Rufe mini baki, Direba!"

Sai da aka kusa rabin awa sannan ta kawo shi gaɓa. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma shekara arba'in ina kallon kifaye a wurin nan. Saniya ce, ta kai inci arba'in da shida ko fiye, kanta kamar bokiti, ratsin jikinta baƙi wuluk a kan fari mai ƙyalli. Ta zo a kan gefenta, ba ta ko motsi sosai. Mena ta shiga ruwa har gwiwa ta kama leɓen. Katakon ya shige can ciki kusa da kunne. Ta zaro filaya, yatsu suka kasa matsewa, filayar ta faɗa ruwa. Na lalubo mata. Ta sake faɗuwa. A karo na uku ta haɗa hannu biyu, ta danne kifin da gwiwa, ƙugiyar ta fito. Babu jini. Na ji ta sauke ajiyar zuciya.

Da a nan ta juya shi ta fuskantar da shi ruwa, wataƙila da ya rayu. Wataƙila kuma da bai rayu ba. Ronnie ya sha faɗa mini cewa rabin awar nan ta riga ta gama da shi. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne na ciro waya na ce, "Mena, ɗaga shi kaɗan. Don Derek. Don yaran."

Ta dube ni. Ta dubi kifin. Sai ta zura hannu ƙarƙashin cikinsa ta rungumo shi zuwa ƙirjinta, ta miƙe da shi da ƙyar. Na danna, ashe yatsana ya rufe gilashin. Na ce, "Tsaya, ɗaya kuma." Hannuna a jiƙe, wayar ta ƙi jin taɓi. Na goge a riga, ta kulle kanta, na shiga neman lambobin buɗewa. Duk wannan lokacin Mena tana tsaye da kifin a iska, tana numfashinta kamar kowa, ba ta ƙirga komai. Kuma tana dariya. Dariya sosai, har ana ganin gurbin haƙorinta na gefe, irin wadda rabon da in gani tun Lurdes na da rai.

"Ka gama, ko sai ya tsufa a hannuna?"

"Na gama."

Ta mayar da shi ruwa, ta riƙe leɓe da wutsiya, ta juya kansa wajen da ruwa ke tahowa. Muka jira. Kunnuwan suka buɗe sau ɗaya, suka rufe. Ta ƙara shiga ciki har ƙugu, inda ta ce ruwan ya fi sanyi, tana tafiya da shi a hankali. Ta sassauta hannu don ta gani, sai ya kife, farin ciki a sama. Ta juyo da shi. Ta sake tafiya. Tana yi masa magana da yaren tsibirinsu, wanda ba ta yi da kowa tun rasuwar yayarta.

Wajen ƙarfe bakwai Ronnie ya iso, ya zo shan iska ne kawai da karensa, yanzu ya tsufa, gwiwa ɗaya ta ƙarfe. Ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, ya ga fuskata, ya rufe. Da takalminsa da wandonsa ya shiga ruwan.

"Saja, kawo in karɓe ki. Hannunki ya gaji."

Ta ba shi. Wannan ne karo na farko da na ga ta miƙa wa wani kifinta. Ya yi ta tafiya da shi sama da ƙasa, minti ashirin ko fiye. Daga baya ya tsaya, ya sa tafin hannu a gefen kifin, ya girgiza kai.

"Ta tafi, Mena."

Doka ba ta yarda a ɗauki mai wannan girman ba, ko a raye ko a mace. Ba damar a kai ta gida a ci, a ce aƙalla ba ta mutu a banza ba. Ronnie ya buɗe hannu, ruwa mai janyewa ya ɗauke ta a hankali, cikin nan fari yana sheƙi a rana. Ba ta yi nisa ba tsuntsayen teku suka gan ta. Mena ta tsaya cikin ruwa tana kallo har suka sauka a kanta, ba ta kawar da kai ba. Na kira ta sau uku kafin ta fito.

A mota na ce, "Mena, ni ne na..."

"Tuƙa motarka."

Sai da muka tsaya a ƙofar gida, na kashe inji, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ni na jefa ƙugiya a Agusta. Ni na hana ka sandar. Ni na ɗaga ta. Hannunka bai taɓa ta ba, kar ka ɗauki abin da ba naka ba." Da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Na yi ta jiran zagin har ta tafi, bai zo ba.

Bayan kwana uku ta sauko ta ce in nuna mata hoton. Ta sa tabarau, ta riƙe wayar da hannu biyu, ta daɗe.

"Dubi yadda nake washe baki," in ji ta. "A nan ta riga ta fara mutuwa, ni kuwa ina dariya. Goge shi."

"Derek fa?"

"Ka ce masa wayarka ta lalace. Ai zai yarda, ya san ka."

Na goge a gabanta.

Sati shida suka rage mata a New Bedford, ruwa ya yi sanyi a cikinsu, kifi ya fara dawowa, amma ba ta sake cewa in kai ta ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba. Sandunanta da wandon roba da akwatin kaya ta ba Ronnie ta ce ya raba wa duk wanda ya ga yana da hankali. Ana saura kwana biyu ta tafi, mutanen katangar duwatsu su wajen goma sha biyu suka zo gidan da tukunyar nama da burodi da kek. Kowa ya zo da shirin a yi tsiya a yi dariya. Wani ya kumbura kumatu yana kwaikwayon ɗauke numfashi, wani ya tuna mata ranar da ta kori ɗan sanda daga wurinta don ya taka kifi. Ta zauna a kujera da hannuwa a cinya, tana murmushi kaɗan, kowa ya yi magana ta ce, "Na gode. Allah ya saka." Da na raka Ronnie mota sai na ga yana share ido da hularsa.

"Shekara arba'in matar nan tana ce mini buhun dankali," ya ce. "Yau wai na gode, Ronald. Wane ne Ronald?"

Ni na kai ta filin jirgi na Providence. Ta hana ni shiga da ita. Ta ce in tuna da shan maganin hawan jini, in kuma daina barin tagar kicin a buɗe.

Duk Lahadi bayan coci take kira. Ta tambayi mai shagon burodi, ta tambayi sababbin 'yan hayan da suka shiga ɗakinta, ta tambayi wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Teku ce kaɗai ba ta tambaya. Da Oktoba ta zo na ce mata kifi ya cika gaɓa bana, Ronnie ya saki goma sha ɗaya a safiya ɗaya. Ta ce, "To, madalla," ta koma maganar tsadar tumatir a Tucson. An yi mata aiki a hannun dama, ya ɗan yi sauƙi, ta iya riƙe cokali da kyau. Ta ce jikokin suna da kirki, matar Derek ma haka, gidan akwai na'urar sanyi, ba abin da ta rasa. Kullum haka take cewa, ba abin da ta rasa, da wata murya siririya da sai na danna wayar a kunne nake ji.

A hunturu na biyu, cikin Fabrairu, Derek ya kira ni ranar Talata. Tun da na ga ba Lahadi ba ce na zauna kafin in ɗauka. Jijiya ce ta fashe mata a kai, tana zaune a baranda da rana, ba ta sha wahala ba.

A can aka binne ta, don nan ne ɗanta zai iya ziyarta. Na hau jirgi na je. Mu goma sha ɗaya ne a cocin, faston bai iya faɗin Rezendes daidai ba. Bayan an dawo gida ana cin abinci, wata maƙwabciyarsu, dattijuwa mai fara'a mai suna Marlene, ta zo ta zauna kusa da ni da farantinta. Ta ce ita ce take zama da Mena da yamma a baranda.

"Baiwar Allah mai sanyin hali," ta ce. "Shekara ɗaya da rabi ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Sai mu yi awa biyu ba ta ce komai ba. Can garinku ma haka take, shiru-shiru?"

Na ce mata a'a. Na ce mata matar nan ƙarti masu gemu suna ɓuya in sun hango ta, ana jin muryarta daga wannan gefen tashar jiragen ruwa zuwa wancan, kuma babu wanda ya kai ta sanin kifi mai ratsi a duk gaɓarmu.

Marlene ta ajiye cokali tana dubana, tana murmushi irin na wanda bai so ya ƙaryata baƙo.

"Filomena? Kamun kifi? Ikon Allah. Ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗa mini ba."

Na so in ba ta labarin tun daga farko, amma ban fara ba. Na ce mata ina zuwa, na fita bayan gida na tsaya a jikin katanga cikin ranar nan tasu mai ƙuna, har Derek ya fito nemana ya ce abinci yana hucewa.